Tanti ko Zango: Nazari Kan Doguwar Tafiya da Keke

Mazaunin unguwar Derrière la Prison, can bayan babban gidan yarin Libreville, idan ya ɗaura niyyar barin gari a kan keke, hanyoyinsa ba su da yawa. Yamma teku ce. Ko dai ya yi arewa ya ratsa dajin Mondah zuwa Cap Estérias, tafiyar da mai ƙarfin ƙafa zai gama kafin hantsi ya dubi ludayi, ko kuma ya hau babbar hanya ta ɗaya, ya bi unguwannin PK5, PK8, PK12, ya kai Ntoum mai nisan kimanin kilomita 40. Daga nan sai Kango, sai layin da ya raba duniya biyu, sai Bifoun inda hanya ta rabu: ɗaya ta gangara Lambaréné, ɗaya ta haura Ndjolé, Mitzic, Oyem da Bitam har iyakar Kamaru. Wannan ta biyun Hausawan Gabon sun san ta, domin ta arewar ne kakanninsu fatake suka shigo daga Kamaru, kuma har gobe akwai unguwanninsu a Oyem da Bitam.

Taka feda ba shi ne wuyar wannan tafiya ba. Duk yaron da ya taɓa kai niƙa inji ya iya. Wuyar tana zuwa ne da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi ja kuma dole mutum ya san inda zai kwana. A kan wannan batu na makwanci ne al'adu biyu suka sha bamban, kuma mai son fara harkar ya kamata ya san wacce yake ɗauka kafin ya ɓarnatar da kuɗinsa a kanti.

Yawon keke da tanti, irin wanda samari ke kallo a YouTube, haifaffen Ingila ne. An kafa ƙungiyar masu yawon keke ta ƙasar a 1878, tun keke na da ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa da tayu kusan kai ɗaya, John Boyd Dunlop ya kawo taya mai iska a 1888, tafiya mai nisa ta zama abin da akawu da ɗan kanti za su iya. Sai wani tela, Thomas Hiram Holding, ya ɗinka ɗan ƙaramin tanti mara nauyi, ya ɗaure a keke ya zaga yammacin Ireland da abokansa a 1897. A 1901 aka kafa ƙungiyar masu keke da kwanan tanti. Abin lura shi ne mutanen da suka ƙirƙiro wannan abu gudun jama'a suke yi. Hayaƙin masana'antu da cunkoson birni sun ishe su, suna da hutun ƙarshen mako, suna neman inda ba kowa. Shi ya sa duk kayan da harkar ta haifa, tanti, ɗan risho, jakar barci, tukunyar da ke shiga cikin tukunya, manufarsu guda ce: kada matafiyi ya buƙaci kowa.

Bahaushe kuwa ya daɗe yana doguwar tafiya a kan akasin wannan. Ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, ya yi watanni kafin ya ga Salaga, ba ya sauka inda dare ya riske shi haka kawai. Akwai madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya, akwai jagaba da ke wucewa gaba ya duba lafiyar hanya da wurin sauka, akwai uban dawaki. Tafiyar kanta a yanke take zango-zango, kowane zango da ruwansa da mutanensa. A manyan garuruwa akwai maigida ko fatoma mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu idan magana ta taso. Haka alhazan ƙafa suka riƙa bi ta Barno da Cadi da Sudan, wasu su yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya kafin su ga Bahar Maliya. Gwanintar matafiyi a wannan tsari ita ce sanin wanda zai yi wa sallama da abin da zai riƙa masa.

A ganina wannan tsari na biyu ne ya dace da ƙasashenmu, ba don namu ne ba, sai don ƙasar da kanta ta ƙi na farkon. A ɗauki Gabon. Kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar kurmi ne, kuma ba irin dajin da za ka ture keke gefen titi ka sami fili ba. Ciyayi da itatuwa sun yi katanga tun daga bakin kwalta. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta ce akwai giwayen kurmi kimanin 95,000 a ƙasar, kuma manoman ƙauye sun fi kowa sanin cewa da dare suke fitowa. Ga kasa, ga tururuwa masu tafiya a ayari, ga ƙananan ƙwari masu cizo da safe da yamma, ga sauron cizon zazzaɓi. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya doshi milimita 3,000. Wanda ya kafa tanti shi kaɗai a irin wannan wuri ba jarumta ya yi ba. Amma kusan kowane ƙauyen bakin hanya yana da shugaba, sau da yawa tutar ƙasa ce ke nuna gidansa, kuma a ƙauyukan Fang na arewa akwai rumfar zaman maza da ake kira corps de garde, inda baƙo ke fara tsayawa ya faɗi ko shi wane ne. A nan ake samun wurin shimfiɗa. Tantin da aka sha wahalar saye sai ya koma gidan sauro kawai, a kafa shi ƙarƙashin rufin wani.

A Arewacin Najeriya dalilin daban ne amma sakamakon ɗaya. Ba mai hankalin da zai ce wa ɗan'uwansa ya je ya kwana a dajin Rugu ko dazukan Zamfara a halin da ake ciki. Ko a inda lafiya lau ne, baƙon da aka gani ya raɓe a bayan gari da dare, da jakunkuna da tocila, ba ɗan yawon buɗe ido za a kira shi ba, mai leƙen asirin ɓarayi za a ce, kuma 'yan sintiri ba su cika tsayawa dogon bayani ba. Wanda ya shigo gari da rana tsaka, ya yi sallama a ƙofar mai unguwa ko dagaci, aka gan shi a sahun magariba, ya riga ya sami masu cewa sun san shi.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa matafiya ba sa faɗa, wataƙila don bai taɓa samun su ba. Bature a kan keke a Afirka abin kallo ne, jandarma ya duba fasfonsa ya yi murmushi. Baƙar fata a kan keke da kaya niƙi-niƙi abin tuhuma ne. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya tashi a 2023 yana neman shiga jami'ar Azhar, ya taka kimanin kilomita 4,000 ta Mali, Burkina Faso, Togo, Benin, Nijar da Cadi, kuma sau uku ana tsare shi a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. Daga Cadi ma taimakon jama'a ne ya sa shi a jirgi zuwa Alƙahira. A Gabon, inda shingayen jandarma ke tambayar katin zama, Bahaushen da aka haifa a Bitam ma gara ya riƙe katin shaidarsa a aljihun gaba, a naɗe cikin leda.

Sai dai namu tsarin ma yana da tabonsa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Karamci ba kyauta ba ce daga sama, wani ne ke biya. Ina jin haushin matafiyan da ke cika shafukansu da yabon kirkin talakawan Afirka, alhali kazar gidan guda ɗaya aka yanka musu, su kuma suka tashi da asuba da na gode kawai. Fatake ba haka suke ba. Suna biyan kuɗin hanya, suna ba da goro, maigida kuma yana da ladansa a cinikin. Mai keken da zai dogara da zango dole ya zo da hannu a cike, ko da sukari da ganyen shayi ne, ko sabulu, ko ya sa wani abu a hannun uwargidan da ta dafa. Kuma ya tashi da wuri, tunda an ce baƙo raɓa ne.

Maganar keken kanta ba ta da tsawo. Keken ƙarfe na gwanjo mai taya lamba 26, wadda kowane mai faci ya san ta, ya fi mai tsadar da birkinsa ke aiki da mai, wanda in ya lalace a Mitzic sai an jira kaya daga Libreville. Tsohuwar Raleigh ko Phoenix mai giya ɗaya ta isa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano zuwa Katsina, amma tuddan bayan Ndjolé sai da giya, in ba haka ba rabin tafiyar turi ne. Kaya a raba su biyu daidai, a rataya su ƙasa-ƙasa a gefen kariya kamar mangalar jaki, kada a tula su sama keke ta riƙa rawa. Famfo, tiyub biyu, faci da sholisho, sifana, ɗan man sarƙa, igiyar roba. A Gabon damuna ce ke cin birki da sarƙa. A Sahel ƙayar tsidau ce ke cin tiyub, sai mutum ya yi faci uku kafin azahar.

Lokaci ya fi kaya muhimmanci. A Gabon watannin Yuni zuwa Satumba ne rani, sama a lulluɓe, iska da sanyi-sanyi, hanyoyin jar ƙasa sun bushe. Abin tsoro a nan manyan motocin dakon gungumen katako ne, waɗanda ba sa kauce wa kowa, don haka ɗan madubi a kan keke ya fi ƙararrawa amfani. A ƙasar Hausa kuwa hunturu ne lokacin, Disamba da Janairu. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka mai zuwa Zariya daga Kano tana tura shi, mai zuwa Hadeja ko Nguru kuwa da ita zai yi ta kokawa. Bazara a bar ta. Idan zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, lita ɗaya a awa ba ɓarna ba ce, kuma kowace lita kilo guda ce a kan kariya. Tashi bayan asuba, sauka kafin azahar ta yi zafi, ɗan ƙari bayan la'asar. Guzuri kuwa mun gada: ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, garin kwaki da sukari, babu mai buƙatar wuta. A hanyar Gabon rogon da ake ƙullewa a ganye yana kwana biyu bai lalace ba, ga burodi da kifin gwangwani a kowane ɗan kanti. Mai bin mazhabar Malikiyya kuma ya tuna cewa kasaru sai tafiyar ta kai mil 48, wajen kilomita 80. Mai zuwa Ntoum zai cika sallarsa, mai niyyar Lambaréné zai rage.

Abin da ya fi damuna a harkar shi ne yadda muka san ƙarshenta ba mu san farkonta ba. Masu keken da sunansu ya fito a wajenmu duk masu babbar manufa ne. Olabisi Ajala ya taka daga Chicago zuwa Los Angeles a 1952, sanye da kayan gida, don ya nuna wa Amurkawa ko wane ne ɗan Afirka. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a 2021, bai isa Saudiyya ba sai ƙarshen 2022. Barry ilimi ya je nema. Akwai kuma masu tattaki don taya ɗan siyasa murna, da fatan a tarbe su a gidan gwamnati. Gabon ma abin da ta sani na keke shi ne tsere, La Tropicale Amissa Bongo da aka fara a 2006, wanda Natnael Berhane na Eritiriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe a 2014. A shekarun da aka yi shi, motoci ne ke bin 'yan tseren da ruwa da tayu, otal kuma na jiransu. A ɗaya gefen akwai masu motsa jiki na safiyar Asabar a Kano da Abuja, da hular kwano da matsattsun kaya, waɗanda ke komawa gida kafin rana ta take. Tsakanin waɗannan da mai zuwa Makka babu kowa. Mutumin da zai ce zai je wani gari ya kwana ya dawo, ba biki ba ta'aziyya, sai a tambaye shi ko lafiya.

Alhali a wannan kwana ɗayan ake koyon kusan komai. Mutumin Kano ya tashi ranar Asabar zuwa Wudil, kimanin kilomita 40, bayan ya riga ya yi waya da wanda zai sauke shi. Kafin ya kai zai gane cewa sirdin da ya yi masa daɗi a cikin gari ba ya yi masa bayan awa uku, cewa rabin abin da ya ɗauko bai taɓa shi ba, cewa ruwan da ya zaci ya isa ya ƙare tun a rabin hanya. Washegari kuma zai hau keke da cinyoyi masu tsami, wanda shi ne ainihin gwajin, domin doguwar tafiya maimaita wannan safiya ce sau talatin ko sau ɗari. In ya dawo yana sha'awar ƙari, sai ya gwada Tiga, sannan Zariya a zango biyu ko uku.