Kyanwar Sa'a ta Japan da Yadda Ta Shiga Feng Shui

A ƙofar shaguna da gidajen abinci na Asiya, da ma unguwannin Sinawa da ke Amurka da Turai, ana yawan ganin ɗan mutum-mutumin kyanwa zaune da ƙafar gaba guda a sama, wanda jama'a da dama suke ɗauka kayan Sin ne, alhali asalinsa Japan ne. Japanawa suna kiransa maneki-neko, wato kyanwa mai yafito, domin ƙafar da ta ɗaga kira take yi. Bajapane yakan kira mutum ne da tafin hannu yana kallon ƙasa yana lanƙwasa yatsu, kamar dai yadda Bahaushe yake yafito wani, shi ya sa Bature, wanda yake kira da tafin hannu a sama, yakan zaci ban-kwana kyanwar take yi.

Wannan al'ada ta ɓullo ne a ƙarshen zamanin Edo, zamanin da ya fara a 1603 ya ƙare a 1868, lokacin da birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo, ya cika da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Wurare biyu ne suka fi jayayya a kan asalinta. Masu ginin yumɓu na unguwar Imado suna danganta ta da wata tsohuwa da talauci ya raba ta da kyanwarta, sai kyanwar ta zo mata a mafarki ta ce ta gina siffarta ta sayar, kuma wani zanen da mai zane Hiroshige ya yi a 1852 ya nuna ana sayar da irin waɗannan kyanwoyi a kasuwa. Shi kuwa wurin ibadar Buda na Gotokuji, labarinsa shi ne wata kyanwa ta yafito basarake Ii Naotaka ya shigo ciki, ya tsira daga hadari mai tsawa, daga nan ya riƙa ɗaukar nauyin wurin.

Kowane sashe na siffar yana da fassara a wurin masu ita: ƙafar dama tana kiran kuɗi, ta hagu tana kiran masu saye, jan abin wuya da ƙararrawa kuma suna tuna yadda attajiran Edo suke ƙawata kyanwoyinsu. Tsabar zinariya mai siffar ƙwai da take rungume da ita, wadda ake kira koban, ta yaɗu ne ta hannun masu tangaran na garin Tokoname da ke lardin Aichi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sukan rubuta ryo miliyan 10 a jikinta, ryo kuwa shi ne kuɗin zinariya na wancan zamani.

Feng shui wani abu ne dabam. Kalmar tana nufin iska da ruwa, kuma ilmi ne na Sinawa da ya shafi zaɓen mazauni: inda za a haƙa kabari, inda za a kafa gida, da inda ƙofa za ta fuskanta, domin a dace da gudanar chi, wato ƙarfin rayuwa da suka yi imani yana ratsa duwatsu da koguna da jikin mutum. Littafin binne mamata da ake dangantawa da Guo Pu, wanda ya rasu a shekarar 324, yana cikin tushen wannan ilmi, kuma masanansa suna aiki ne da kamfas na musamman mai suna luopan da lissafin abubuwa biyar, wato itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Kyanwa mai yafito ba ta da gurbi a cikin wannan tsohon tsari. Ta shige shi ne a ƙarshen ƙarni na 20, lokacin da aka sauƙaƙa feng shui ya koma shawarar adon ɗaki, aka ware wa dukiya kusurwar kudu maso gabas, aka kuma raba wa launuka aiki: ruwan zinariya na arziki, baƙi na korar sharri, ja na tsare lafiya, ruwan hoda na soyayya. Sinawa suka raɗa mata suna zhaocai mao, kyanwa mai jawo dukiya, masana'antunsu kuma suka cika duniya da ta roba mai kaɗa ƙafa da batir.

Wannan haɗi ya amfani kasuwa, amma ya tauye al'adun biyu, domin ya mayar da ilmin da ya ɗauki ƙarnuka yana nazarin ƙasa da ruwa zuwa abin da ake saye a kanti, ya kuma shafe sunan maginan Imado da Tokoname daga aikin hannunsu. Abin ya fi fitowa fili idan aka dubi kyanwoyin Gotokuji, farare ƙal, waɗanda masu ziyara suke jerawa ɗaruruwa bayan buƙatarsu ta biya: suna ɗaga ƙafar dama, amma babu tsabar zinariya a jikinsu, domin fahimtar da ake yi a wurin ita ce kyanwa tana yafito dama ne kawai, abin da za a yi da damar kuma ya rage ga mutumin da aka kira.