Daga Marhaba Zuwa Titin Zoo: Wa Ake Haska wa Fim a Tarauni?

Idan aka ce silima a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, amsar da za a samu ta danganta da shekarun wanda aka tambaya. Dattijo zai nuna maka hanyar Farm Centre ya ce Marhaba. 'Yar jami'a za ta nuna Titin Zoo ta ce Shoprite, duk da cewa kantin da ya ara wa wurin wannan suna ya kwashe kayansa tun farkon 2024, ginin kuwa sunansa Ado Bayero Mall. Yaron da ke koyon gyaran waya ba zai nuna ko'ina ba, hannu zai sa a aljihu ya zaro wayarsa. Tsakanin waɗannan wurare babu nisan da zai sa mai Adaidaita Sahu ya tsawwala kuɗi, amma kowanne da irin fim ɗin da ya haifa. Na daɗe da gamsuwa cewa a ƙasar Hausa wurin kallo ne ke tsara fim tun kafin marubuci ya ɗauki alƙalami: tsawonsa, yawan waƙoƙinsa, har da irin mutanen da za a nuna a ciki.

Silima ta shigo Kano da tabo a jikinta. An buɗe Rex a 1937 a wajen ganuwa, kuma harkar ta daɗe a hannun Kwarori, 'yan kasuwar Labanan. A watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta ci mutum 331, mutanen gari da yawa suka ɗauki abin a matsayin azabar Allah a kan masu zuwa kallon hotuna. Da aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni, a 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, malamai da dattawan unguwa ba su ɓoye ɓacin ransu ba. Daga nan sunan ya bi ta: wurin 'yan iska ne, matar da aka gani a ƙofarta kuwa an gama yanke mata hukunci. Duk wanda zai yi maganar silima a Kano yau ba tare da wannan tarihi ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa uba ke tsuke fuska idan ɗansa ya ce za shi kallo ba.

Duk da haka mutane sun je, kuma sun cika wuraren. Plaza, Orion, Wapa, Eldorado, Queens, sannan Marhaba a nan ɓangarenmu, lokacin da Farm Centre take bakin gari. Yawancinsu a buɗe suke, sama ce rufin masu ƙaramin tikiti, don haka sai duhu ya shiga ake kunna na'ura, damina kuma ta zama abokiyar gaba. A bakin ƙofa akwai mai tsire da mai shayi da mai rake, ga yaron da ke tsaron kekuna da babura, ga fastar fim an manna a allo. Idan fim ya tsinke a tsakiya sai fito da ihu su kaure har mai na'ura ya haɗa. Fim ɗin Indiya ne sarki, na Sin masu faɗa da na Amurka suna bin baya. Matasan da ba su san ko kalma ɗaya ta Hindi ba suna iya ba ka labarin Mother India daga farko har ƙarshe, su laƙaba wa jarumai sunayen Hausa, su rera waƙar tare da allo. Silimar unguwa ce ta gaske: lebura da ɗan tireda da ɗalibi duk kuɗinsu ya kai, kuma da ƙafa ake zuwa. Aibinta ɗaya ne babba, ta maza ce zalla. Rabin al'umma, matan aure da 'yan mata, an bar su a gida.

Waɗannan da aka bari a gida su ne suka raini fim ɗin Hausa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo ya fito, ba a kan babban allo ba. Kaset yana shiga inda silima ba ta isa ba: ɗakin amarya, tsakar gida bayan sallar isha, gidan maƙwabciya mai bidiyo inda yara ke cika tabarma. Shi ya sa labaran suka karkata ga abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya, kishi da auren dole da uwar miji da saki. Rawa da waƙa da aka gado daga allon Marhaba da Plaza suka sami sabon gida a finafinai irin su Sangaya. Masu shiryawa kan kai sabon fim silima ya ɗan zaga kafin a sake shi a kasuwa, amma kowa ya san ainihin kuɗin yana Ƙofar Wambai da Bata, wurin 'yan kasuwar kaset. Fim mai kashi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na huɗu, dabarar kasuwar kaset ce: a tsaya a daidai inda zuciya ta tsinke domin a dawo a sayi ci gaban.

Abin da ya kashe tsofaffin silimomi ba abu ɗaya ba ne, kuma ina ganin rashin adalci ne a ɗora wa malamai laifin gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi. Gaskiya ne bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 gwamnati ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar, aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka tsaurara ƙa'idoji kan cakuɗuwar maza da mata. Amma bidiyo ya riga ya janye 'yan kallo, gine-ginen sun tsufa ba gyara, filayen da suke kai kuma sun yi tsadar da shaguna suka fi allo riba. Sannan ga harin 20 ga Janairun 2012, wanda ofishin 'yan sanda da na shige da fice a Farm Centre suna cikin wuraren da ya shafa. Dokar hana fita ta biyo baya, shingayen bincike suka cika titi, aka hana acaɓa a farkon 2013. Fitar dare ta mutu, silimar da ba ta aiki sai da duhu kuwa ba ta da sauran numfashi. Palace ta daɗe da zama asibiti, Wapa sunan kasuwar canji ne a bakin yaran yau, Marhaba kuma an fi saninta da taron biki.

A cikin wannan yanayi aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, kamfanin Filmhouse ya buɗe silima a ciki a 2015. Abin da ya faru a nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya karya wani abu da aka shekara fiye da saba'in ana ɗauka ba ya karyuwa. Mata suka shiga silima da rana tsaka, da hijabinsu, da ƙawayensu, wasu da mazajensu da 'ya'yansu, ba wanda ya nuna su da yatsa. Gini mai rufi da sanyin na'ura, masu gadi a ƙofa, fim da azahar ko la'asar, a fito kafin dare ya yi nisa. Kasancewar silimar a cikin kanti ya wanke ta: wadda ta ce za ta Shoprite ba ta faɗi abin kunya ba. Wanda ya taɓa zama a zauren ranar Sallah ya san yadda abin yake. Ƙamshin turare da na gugguru, hasken wayoyi ta ko'ina, sai waƙar da aka riga aka haddace daga rediyo ta taso, zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Idan jarumin fim ɗin ya leƙo da kansa, kamar yadda suka saba yi a makon farko, hoto da shi kan ɗauki lokacin da ya kusa na fim ɗin.

Zuwan wannan allo ya zo daidai da rushewar kasuwar faifai, don haka manyan masu shiryawa suka rungume shi. Mansoor na Ali Nuhu a 2017, wanda ya fito da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, shi ne ya nuna cewa fim ɗin Hausa zai iya cika zaure. Rariya na Rahama Sadau ya zo a shekarar. Hauwa Kulu a 2019 ya ɗauko labarin fyaɗe ga yarinya makauniya, Mati a Zazzau a farkon 2020 ya kawo barkwanci da aka kashe wa kuɗi. Babban allo ba ya rufa asiri: sautin da ya shaƙe, hasken da bai isa ba, gemun roba, duk sai sun fito fili. Dole aka gyara kyamara da sauti, aka koyi gama labari a zama ɗaya. Wannan riba ce da ba zan raina ba. Amma allon ya zo da nasa son zuciya. Mai sayen tikiti a Titin Zoo ɗan makaranta ne ko ma'aikaci ko 'yar gidan masu hali, sai finafinan suka cika da jami'a, manyan motoci, falo mai bene da soyayyar masu Turanci a baki. Ko da aka nuna talaka, sau da yawa daga nesa ake hango shi, abin tausayi ko abin dariya. Mutumin da ke tura baro a kasuwar Tarauni, wanda irinsa ne suka cika Marhaba a da, kuɗin tikiti ɗaya da na mota ya kai cefanen gidansa.

Annobar korona ta rufe zauren a 2020, daga baya sunan Platinum ya maye gurbin Filmhouse a wurin, aka ci gaba da haska finafinai irin su Fanan a 2021. A 2024 Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, labarin rikicin sarauta da aka ɗauka a Daura, ya fito a silima, har Nijeriya ta zaɓe shi ya wakilce ta a gasar Oscar. Irin wannan fim, mai dawaki da fada da ɗaruruwan mutane a fili, don babban allo aka yi shi, a waya rabin kyansa ke zubewa. Sai dai irinsa nawa ake yi a shekara? Silima a Kano ta koma sana'ar Sallah. Ƙaramar Sallah da babba, sai ɗan abin da ba a rasa ba a ƙarshen shekara. Sauran watanni finafinan Amurka da na Legas da na Indiya ke riƙe allon. Mai shiryawa da ke da zaure ɗaya tak a birni mai miliyoyin mutane, wanda kuma zai raba kuɗin ƙofa da masu zauren, ba zai mayar da jarinsa ba sai da ikon Allah.

Don haka gwanayen suka koma inda 'yan kallo suke. Tashar Arewa24 ta fara Daɗin Kowa, ta biyo da Kwana Casa'in. A 2020 Aminu Saira ya kawo Labarina, Izzar So na Lawan Ahmad ya mamaye YouTube. Ofisoshin masu shirya fim da ke jere a Titin Zoo, kusa da silimar kanta, yawancinsu yanzu fim mai dogon zango suke yi. Shi ma wurin kallonsa ya tsara shi. YouTube na biya ne gwargwadon yawan kallo da tallan da aka saka, mai tallar maganin gargajiya ko fili ko atamfa yana son fitowa kowane mako, saboda haka labarin da zai ƙare cikin awa biyu sai a ja shi shekara uku. Fuska a kusa, magana a zaune a falo, gaisuwa mai tsawo, domin abin da ƙaramin allo ke iya ɗauka ke nan. Akwai masu kyau a cikinsu ƙwarai, kuma sun ciyar da ɗaruruwan gidaje a lokacin da masana'antar ta kusa durƙushewa. Abin da ke damuna shi ne matashin marubucin da ya taso a wannan zamani bai taɓa koyon yadda ake rufe labari ba.

Ka shiga kasuwar Farm Centre da yamma ka ga ɗaya ƙarshen zaren. Saurayi zaune gaban kwamfuta a rumfar da ba ta fi faɗin tabarma ba, igiyoyin caji sun yi masa rawani, mutane na miƙo waya ko memori. "A sa min na wannan satin, da fassarar Algaita guda biyu." Cikin minti kaɗan an tura, an ba da 'yan canji. Fim ɗin Indiya bai bar unguwar ba ashe, Hausa kawai ya koya ya shige aljihu. Daga wannan ciniki abin da ke komawa ga wanda ya zuba kuɗinsa ya shirya fim kaɗan ne, in ma akwai.

Amma kuskure ne a ce mutanen Gyadi-Gyadi sun daina son kallo cikin taro. Gidajen kallo suna nan a lunguna: rumfar kwano, bencina, janareto na ruri a baya, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. Ranar da Arsenal za ta kara da Manchester United, ko Real Madrid da Barcelona, ba masaka tsinke. Wannan ita ce silimar unguwa mai zaman kanta da ta rage mana, mai ita ɗan unguwa ne, kuɗinta daidai aljihu, da ƙafa ake zuwa. Ta gaji Marhaba a komai, har da aibinta, domin mace ba ta shiga, kuma fim ɗin Hausa ba shi da gurbi a allonta sai ƙwallo.

Tsakanin rumfar kwano da zauren Titin Zoo akwai wani wuri da ba a gina ba tukuna. Ƙaramin zaure mai rufi a Gyadi-Gyadi ko Unguwa Uku ko Hotoro, mai kujeru ɗari ko ɗari biyu, da hasken sola, da ɓangaren iyali, da nunin rana na mata zalla a ranakun da aka sani, a tashi kafin magariba. Zauren Titin Zoo ya riga ya nuna cewa Kano za ta karɓi silima idan an kiyaye mutunci, gidan kallo kuma ya nuna cewa talaka zai biya idan kuɗin bai fi ƙarfinsa ba. Rushewar shirin gina alƙaryar fim a garin Kofa a 2016 ta koya wa kowa cewa ba a yin irin wannan aiki a bayan idon malamai da masu unguwanni, da su ake fara zama. Hukumar tace finafinai, wadda ita ke ba gidajen kallo lasisi, tana da hurumin tsara ƙa'idar irin wannan zaure, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu, wanda fim ɗinsa ya cika zauren Titin Zoo, shi ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Da za a sami irin waɗannan zaure goma a cikin birni, mai shirya fim zai iya fitar da aikinsa a watan Safar ko Rajab ba sai ya jira Sallah ba, kuma zai san cewa mai baro da matarsa suna cikin waɗanda za su zauna a gabansa.