Rakiyar Kalmomi da Ɗalibin Ingilishi a Ƙasar Damagaram

Ɗalibin da ya shiga kwaleji a Damagaram Takaya yakan haɗu da Ingilishi ne bayan ya shekara shida yana fama da Faransanci a firamare, ga kuma Hausa ko Barbarcin da ya tashi da shi a gida. Duk wanda ya duba takardun irin waɗannan ɗalibai zai ga cewa jan biron malami yakan sauka a kan kalmomin da ɗalibi ya san ma'anarsu sarai, amma ya haɗa su da abokan da ba nasu ba.

Kowane harshe yana da yadda kalmominsa ke rakiyar juna. Bahaushe yana shan ruwa, ya sha magani, ya sha taba, ya sha wahala. Yana cin tuwo, ya ci kasuwa, ya ci amana. Don haka ɗalibi yakan rubuta "drink medicine", alhali Ingilishi "take medicine" ya sani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin ya fi tsanani inda Hausa da Faransanci suka haɗa baki. "Ruwa mai ƙarfi" da "forte pluie" duk suna tura yaro ga "strong rain" a madadin "heavy rain". "Yi" da "faire" kowanne aikatau ɗaya ne, amma Ingilishi ya raba aikinsu tsakanin "do" da "make", shi ya sa "do a mistake" ya zama ruwan dare. Wani lokaci kuma Faransanci kaɗai ke yaudara: "passer un examen" zaman jarrabawa ne kurum, "pass an exam" kuwa cin ta ne.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Harold Palmer ya fitar da rahoto a kansa a Tokiyo a 1933, ƙamus na BBI ya fito a 1986, Michael Lewis kuma ya kafa tsarin koyarwa a kansa a 1993. Duk da haka, tsohuwar al'adar aji ba ta gushe ba: a jera kalmomi ɗai-ɗai a allo, a sa wa kowacce fassarar Faransanci, a ce a haddace. Wannan hanya ita ta cancanci suka. Tana ba yaro tubali, ta hana shi laka, sannan a ranar BEPC a rage masa maki don gininsa ya rushe. Ta kuma bar Hausa a ƙofar aji, alhali da ita ɗalibi yake tunani.

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki, batun ya wuce na maki. Ya kamata malami ya riƙa ba da kalma tare da 'yar rakiyarta, ya sa ɗalibai su jero abubuwan da Bahaushe ke "sha" da waɗanda yake "ci", su nemo aikatau ɗin da Ingilishi ya ba kowanne. Ƙungiyoyin al'adu na Zinder kuwa za su iya tattara irin waɗannan jeri a ɗan littafi mai harshe uku, don amfanin makarantun karkara.