Kalmar Rheumatism da Sanyin Ƙashi

In an ƙetare gadar Kaduna aka nufi kudu, sai a tarad da Kakuri da Makera, unguwannin da masaƙu suka tara wa jama'a. Cikin 1957 aka buɗe Kaduna Textiles a Kakuri, waɗansu suka biyo baya, ma'aikata suka taru daga ko'ina, har Hausa da Turanci suka gauraya a bakin mutane. Galibin masaƙun nan sun daina aiki, amma tsofaffin ma'aikata suna nan, gwiwa tana damunsu. In ɗayansu ya tafi kantin magani yakan ce rumatizim gare shi. Matarsa kuwa a gida takan ce sanyin ƙashi ne. Shi yana zaton tasa kalmar ta fi, tun da ta Turawa ce.

To, kalmar rheumatism asalinta ba Turanci ba ne. Daga harshen Yunanawa ta fito, inda rheuma ke nufin abin da ke malala, kamar ruwa. Likitocinsu na zamanin da sun ɗauka wani ruwa ne ke gangarowa daga kai, in ya sauka a hanci a yi mura, in ya kwanta a gaɓa a yi ciwon gaɓa. Har catarrh ɗin nan da ake ce wa mura a Turanci, tushensu ɗaya. Wani likitan Faransa mai suna Guillaume de Baillou, wanda ya rasu cikin 1616, shi ya ɗora kalmar a kan ciwon gaɓɓai cikin wani littafi da aka buga bayan mutuwarsa, a 1642. Tuni aka gane babu wani ruwa mai gangarowa, amma sunan ya zauna.

Ashe ke nan tsohon nan da matarsa ba wanda ya fi wani. Bayunane ya ɗora laifi a kan ruwa, Bahaushe ya ɗora a kan sanyi, kowa ya raɗa wa cuta suna da abin da ya zata ya kawo ta.

Babban aibin kalmar shi ne, buhu ce da aka zuba cututtuka dabam dabam a ciki. Akwai zaizayewar gwiwa ta tsufa da aikin ƙarfi. Akwai wadda jiki ke yaƙar gaɓoɓinsa da kansa, yatsu su kumbura su karkace, ita ce likita Alfred Garrod na Landan ya ware da sunanta cikin 1859. Shi ya sa likitoci suka rage amfani da kalmar, sai su nemi ainihin cutar. Amma inda abin ya fi muni wajen yara ne. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 yakan yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku zazzaɓi ya kama shi, ciwo ya riƙa tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sai a ce sanyi ne, a shafa masa man zafi, a rufe shi da bargo. Gaɓoɓin za su warke, alhali cutar tana can tana ɓata ƙofofin zuciya, ba za a sani ba sai ya girma ya fara haki. Ga shi kuwa finisilin kan tare ta tun tana maƙogwaro.

Kalmar sanyi ma tana da nata cikas, gama in mutum ya ce wa malamin asibiti yana da ciwon sanyi, ana iya ɗauka cutar da ake samu ta wajen saduwa yake nufi. Duk da haka akwai inda Bahaushe ya yi gaskiya. Yaron da ya gaji sikila daga uwa da uba, lalle sanyin hunturu yakan tayar masa da ciwon ƙashi mai tsanani, ko da yake a jini cutar take.

Cikin kalmomin duka amosani ta fi dacewa, don ba ta yi da'awar sanin dalili ba, kuma ba a faɗinta ita kaɗai sai an ambaci wuri: amosanin kai, amosanin gaɓɓai, amosanin jini. Wanda ya ji amosanin jini ya san jinin yaron za a kai a gwada.