Jinjina ga Masu Tarbar Baƙi a Guangzhou

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya fara sauka a filin jirgin Baiyun, ko gaisuwa bai iya da Sinanci ba. Hausawa mazauna Guangzhou ne ke rufa masa asiri. Su ke kai shi masauki a unguwar Xiaobei, inda abincin halal yake, su raka shi masaƙa, su yi masa tafinta, su duba atamfa da shadda kafin a loda kwantena.

La'ada suke karɓa, amma da guminsu. Sabunta biza wahala, haya tsada, ga iyali can gida.

Lokacin baje kolin Canton kuwa, wanda aka fara a 1957, wayoyinsu ba sa hutawa.