BABI NA HUƊU: MUHALLI A MATSAYIN TAURARO A FIM ƊIN GWAJI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an nuna yadda finafinan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, suka fi jingina ga zance, daga baya kuma ga waƙa da rawa, fiye da hoto. A wannan babi za a dubi fim ɗin gwaji, wato fim ɗin da mai shirya shi yakan karya zubi da tsarin da aka saba, ya ɗora wa hoto da sauti nauyin isar da saƙo. Za a nazarci finafinai biyu da aka ɗauka a wurare masu ban al'ajabi na Afirka, sa'annan a auna darasinsu ga mai niyyar kafa kyamara a duwatsun Dutse da Birnin Kudu.

4.1 Fata Morgana: Ƙasar da Aka Raba da Sunanta

Werner Herzog, mutumin Jamus, ya fitar da Fata Morgana a 1971, bayan ya ɗauki yawancinsa a hamadar Sahara, ciki har da Aljeriya da Nijar. Ma'anar sunan ita ce ƙawalwalniya. Fim ɗin ba shi da labari, ba shi da jarumi. Yana buɗewa da jiragen sama suna sauka ɗaya bayan ɗaya, zafin rana yana narkar da surarsu, daga nan sai kyamara ta bi tuddan rairayi a hankali, ta wuce mushen dabbobi da ɓaraguzan jirgi da harshen wutar rijiyoyin mai. A kashi na farko, Lotte Eisner tana karanta labarin halittar duniya daga Popol Vuh, littafin mutanen Maya na ƙasar Gwatamala.

Babu shakka fim ɗin ya yi nasara ta fuskar hoto, domin tsawaita ɗauka ba tare da yankewa ba yana sa mai kallo ya fara shakkar abin da idonsa ke gani. Sai dai wannan nasara tana da tsada. Da farko Herzog ya yi niyyar nuna wurin a matsayin wata duniya da baƙi daga sararin samaniya suka ziyarta, kuma ko da ya jingine wannan tsari, tasirinsa bai bar fim ɗin ba. Ba a faɗi sunan gari ko rijiya ba. Mutanen da suka bayyana, kamar yaron nan da ke riƙe da yanyawa a wuya, an tsayar da su ne gaban kyamara tamkar wani yanki na rairayin. Hamadar da Buzaye suka san hanyoyinta ta koma allon da baƙo ya rubuta mafarkinsa a kai, har labarin da aka ɗora mata ma aro ne daga wata nahiya.

4.2 Yeelen: Ƙasar da Ke Magana

Souleymane Cissé na Mali, wanda ya rasu a 2025, ya fitar da Yeelen, wato Haske, a 1987 cikin harshen Bambara da Fulatanci, ya kuma ci kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a wannan shekarar. Jigonsa shi ne rikicin Nianankoro da mahaifinsa Soma, wanda ke farautarsa da taɓaryar tsafi don kada ya bayyana asirin ƙungiyar Komo.

A nan ma akwai faƙo mai tsattsagewa da duwatsu masu ban tsoro, amma kowane wuri yana da aikin da yake yi a cikin labarin. A cikin fadama uwa ta tsaya tana kwarara wa kanta madara tana roƙar wa ɗanta tsari. A ƙasar Fulani ya sami mata. A maɓuɓɓugar da ke duwatsun ƙasar Dogon ya yi wankan tsarki kafin ya sadu da baffansa makaho. Da hasken ƙarshe ya cinye uba da ɗa, sai ƙasar ta koma rairayi, inda ƙaramin yaro ya tono ƙwan jimina. Ke nan da za a sauya wurin, da ma'anar ta rushe. Wannan shi ne abin da nazarin ke nufi da muhalli a matsayin tauraro.

4.3 Darasi ga Duwatsun Jigawa

Idan aka dawo gida, za a tarar cewa Dutse, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, daga duwatsunta ta sami suna. A kewayen Garu, inda tsohuwar fadar sarki take, akwai manyan duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, ga dabino a ƙarƙashinsu. Da hunturu, idan hazo ya sauko, sukan zama kamar suna rataye a iska. A Birnin Kudu kuwa akwai zanen shanu na dā a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, tare da duwatsun da ke amo kamar kuge idan an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956.

Mai shirya fim a irin wannan wuri yana da hanyoyi uku a gabansa. Ta farko ita ce wadda aka saba gani a finafinan Kano, inda dutse yake zama adon bayan masu rawa, a yi ta yanka hoto bisa bugun kiɗa har ido ya kasa tsayawa a kansa. Ta biyu ita ce ta Herzog, a kawar da mutane da sunaye don a burge masu kallo na waje. Ta uku ita ce ta Cissé.

A ra'ayin mai wannan nazari, ya kamata a ari haƙurin kyamarar Herzog, a haɗa da sanin ƙasa irin na Cissé. Kayan aikin kuwa suna nan. Labarin baka na maharbi Duna Magu da sunan Gadawur ya isa ya zama ƙashin bayan fim marar yawan zance. Amon duwatsun Birnin Kudu zai iya maye gurbin kiɗan fiyano. Hatta ƙarar masu fasa dutse don tsakuwar gini tana da gurbi, domin ita ce ke tuna wa mai kallo cewa dutsen da aka fasa ba ya komawa. Wajibi ne kuma a nemi izinin masu unguwa da hukumar kula da kayan tarihi kafin ɗauka, a kuma guji taɓa zanen ko jiƙa shi da ruwa don ya fito a hoto, saboda hakan yana lalata shi.

Za a iya cewa irin wannan fim ba shi da kasuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma al'ummar da ta saba da tatsuniyar kogo mai buɗewa da dutse mai magana ba baƙuwa ba ce ga abin al'ajabi. Abin da zai kore ta shi ne ta ga ƙasarta a allo ta kasa gane ta.

4.4 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kyawun wuri kaɗai ba ya wadatar da fim ɗin gwaji. Fata Morgana ya nuna ƙarfin hoto, amma ya raba ƙasa da mutanenta, Yeelen kuwa ya bar ta da sunanta da tarihinta. Babi na gaba zai dubi matsayin sauti da shiru a irin waɗannan finafinai.