Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Shata a Memori: Wa Ya Zaɓa, Me Ya Bari?

Tun bayan ƙaramar salla wani tarin waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata yake zagaya unguwa. Yaran nan masu tura waƙa a waya ne suka haɗa shi, suka sa masa suna "zaɓaɓɓu", suna zuba wa mutane a memori ko filashi. Daga Agege har Mile 12 da Idi-Araba, da wuya ka zauna teburin mai shayi ba ka ji kalangu na tashi a wayar wani ba. Mun saurare shi daga farko har ƙarshe, mun kuma saurari masu sauraronsa, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Na farko su ne dattawanmu, waɗanda suka ga Shata ido da ido a wajen biki, ko suka girma da muryarsa a Rediyo Kaduna. Kukansu ɗaya ne: an yanke waƙoƙin. Bakandamiya, wadda ita ce kirarin da ya yi wa kansa, tana cikin tafiya sai ka ji ɗif, 'yan amshi ba su ma rufe baki ba an shiga wata. Gaskiyarsu ce. Shata ba ya rubuta waƙa, kuma in ya maimaita ta ba ta fitowa iri ɗaya. Wadda aka ɗauka a ƙaramin faifai gajera ce, don fuskar faifan 'yan mintoci kawai take ɗauka. Wadda aka ɗauka a filin wasa kuwa doguwa ce, a nan yake sakin jiki. Mai haɗa wannan tari ya ɗebo dogayen, ya datse su daidai da gajerun don su yi yawa a ido. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan abu. Tauye mudu ne, ko da kuwa ba hatsi ake aunawa ba.

Na biyu su ne direbobin manyan motoci da mahautan kwatar Oko-Oba. Su kam sun yaba. Suka ce tunda akwai Ummaru Ɗanɗanduna, da Hassan Sarkin Dogarai, da Magaji Mai Ido Ɗaya, to hanyar Legas zuwa Kano ta yi sauƙi. Amma ko su, kowa da wadda yake cigiya. Wani direba ya faɗi maganar da ta tsaya mana a rai: tarin nan kusan duk yabon manya ne. Ina waƙar Kumbo Apollo 11, wadda ta kai labarin zuwa duniyar wata na 1969 har kunnen manomin ƙauye? Ina waƙoƙin da ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970? Wanda bai san Shata ba, in wannan kaɗai ya ji, sai ya ɗauka maroƙin attajirai ne kawai. To ai ba don roƙo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988 ba.

Na uku 'yan'uwanmu ne na masallaci. Abin da ya ɓata musu rai shi ne jerin. Ana gama Na Tsaya Ga Annabi Muhammadu, babu ko numfashi, sai Sha Ruwa Ba Laifi Ba Ne ta biyo, alhali kowa ya san ruwan da ake nufi ba na randa ba ne. Wasu suka ce a goge memorin gaba ɗaya. Maganar kiɗa dai malamai sun daɗe da saɓani a kanta, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Amma ladabi ba a saɓani a kansa. Ba mu ce a ɓoye cewa Shata ya yi wannan waƙa ba. Ya yi ta, kuma ƙarya ba ta gyara tarihi. Cewa muka yi yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba a jera shi kafaɗa da kafaɗa da waƙar mashaya. Haka nan waƙoƙin zambo irin su Gagarabadau: waɗanda aka yi wa zambo sun bar zuriya, mu kuma nan mutanen gari daban-daban ne muke zaune tsakar gida ɗaya. Mai ƙure murya da irin wannan a bakin shago ya san abin da yake tsokanowa.

Na huɗu su ne suka fi damunmu: 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Da yawansu sun ce wai duk kiɗan iri ɗaya ne, ba sa gane abin da yake faɗa. Kada mu yi saurin zaginsu. Yaron da ya tashi da Yarbanci a layi, Turancin buroka a kasuwa, Hausar cefane kawai a gida, ina zai kama kirari da habaici? Kuma tarin bai taimake shi da komai ba. Waƙoƙin lamba kawai aka sa musu, babu suna, babu shekara, babu wanda aka yi wa. Yaro ya ji ana ambaton Sarkin Daura Muhammadu Bashar, bai san shi ne sarkin da ya riƙe Shata hannu biyu ba, bai san a Daura aka binne mawaƙin da ya rasu a watan Yunin 1999 ba, bai ma san shi mutumin Musawa ba ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muka yi nisa da Arewa, harshe shi ne gidan da ya rage wa yaranmu.

Akwai kuma batun haƙƙi. Mai waƙa ya bar magada, masu haɗawa kuwa ba su nemi izinin kowa ba. Kuɗin turawa kaɗan ne, amma kaɗan ɗin ma ana tambayarsa gobe kiyama.

Hukuncinmu ke nan: muryar tana nan da ƙarfinta, aikin haɗawar ne na ganganci. Masu tura waƙa, don Allah ku sake zama. Ku sa kowace waƙa cikakkiya ko da adadin zai ragu, ku rubuta sunanta, ku ware na yabon Annabi daban, ku kuma nemi yardar iyalan mai ita. In sunaye da tarihi ne suka shige muku duhu, littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa yana nan tun 2006, dattawan da suka san waƙoƙin kuma suna nan kusa da ku. Iyaye kuma, in za a ji, a ji tare da yara, a tsayar a yi musu bayani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya. Amin.